Sunana a Buhu, Gawayinsa a Ciki

Sallama gare ku masu karatu. Masu biyo ni ta bayan fage suna cewa wai na cika zaɓen miji, na ga saƙonninku, na gode, Allah Ya haɗa kowaccenku da irin wanda zan ba ku labarinsa yau, sai mu ga wadda za ta fi ni haƙuri.

Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Ruwaida, shekarata ashirin da shida, a Mayo Gwoi aka haife ni cikin garin Jalingo. Na yi digiri a kan ilimin sinadarai, sana'ata kuma gawayi. E, gawayi. Ku gama dariyar ina jira.

Babana, Alhaji Aƙilu, Bazazzage ne, fatauci ya kawo kakansa ƙasar nan. Yana da injin casar shinkafa a bayan gidanmu, kuma duk wanda ya san injin shinkafa ya san abin da yake tarawa: ɓuntu. Tsibi guda, ya ɗara katangarmu tsawo. Da can wuta ake banka masa, ya yi sati yana ci a hankali, hayaƙi ya cika ɗakunan maƙwabta, shanyar mutane ta yi ƙauri, mai unguwa ya aiko, Baba ya ba da haƙuri, wata na zagayowa a sake kunnawa. Da na gama bautar ƙasa na gaji da raba takardun neman aiki, sai na sayi durom ɗaya, na kai wa Michael mai walda na bakin titi ya yi masa bututun hayaƙi. Ina turara ɓuntun har ya yi baƙi, in tankaɗe, in kwaɓa da sitacin rogo, in matse a injin da Michael ya ƙera min daga baya, in shanya kwana uku. Ba a sare itace ko ɗaya ba. Ba ya hayaƙi, ba ya tartsatsi, kuma ya fi na itace daɗewa a kurfoti. Masu tsire suka fara saye, sai masu shayi, sai masu ƙosai. Daga baya na fito da ƙanana kamar alewa, na turaren wuta, a cikin kwali mai kyau, amare suka yi musu caa. Yanzu durom uku gare ni, mata shida ke aiki tare da ni, maƙwabtan da suke kai ƙararmu su ne masu aiko a ba su na gwaji. A jikin kowane buhu an buga: Gawayin Ruwaida, Ba a Sare Itace Ba.

Kowa ya yi murna ban da Dada. Dada mahaifiyata ce, Bafulatanar Jalingo, fara sol, irin matan da ko tsintsiya za su ɗauka sai sun duba farcensu. A wajenta duk wannan bayani sunansa ɗaya: 'yarta mai digiri tana tallan gawayi. Takan kama hannuna ta juya, ta ce ko lalle aka sa min sai an kunna tocila kafin a gan shi. Kuma ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya, samari uku suka zo suka tafi. Na ƙarshen ma cewa ya yi yana sona sosai, amma kujerun motarsa farare ne.

Sai Allah Ya kawo Sirajuddeen.

A wani taron matasa 'yan kasuwa muka haɗu. Dogo, farar shadda mai maiƙo, hula zanna, ƙamshi kamar an fasa shagon turare. Na tsaya a bayan teburina da buhuna biyu, ya zo ya ɗauki curi ɗaya da hannunsa, bai ko nemi tsumma ba, ya tambaye ni awa nawa ɓuntun yake yi a durom kafin ya nuna. Wallahi abin da ya kama ni ke nan. Wasu matan da waƙa ake sace zuciyarsu, wasu da waya sabuwa, ni da tambayar durom aka gama da ni.

Kullum da safe saƙonsa ne ke tashina. “Barka da asuba, sarauniyar muhalli,” sai ɗan hoton koren ganye guda uku. Idan ya zo zance ba ya maganar idona ko muryata, sai ɗumamar yanayi da makomar dazukan Taraba, yana jefo Turanci masu tsawo, ni kuma ina gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Bai ɓoye min cewa gidansu dillalan gawayin itace ba ne tun kaka da kakanni. Ya ce abin yana hana shi barci, burinsa ya juya sana'ar gidansu ta koma mai tsabta, kuma ni ce hanyar da Allah Ya nuna masa. Dada da ta ji ya ce baƙin hannuna ado ne, a ranar ta canza masa suna zuwa “yaron kirki”, ta fara ajiye masa kindirmo a firji, wanda ni da na fito daga cikinta sai na roƙa.

Wata biyu da suka wuce ya zo da albishir. Wai ya samo wani kamfani a Abuja da ke kai wa manyan otal gawayi har da ƙasashen waje, kuma sharaɗinsu ɗaya ne: ba sa taɓa gawayin da aka sare itace aka yi, kuma a shirye suke su saya da daraja saboda hakan. Tirela guda suke so duk sati biyu. Na ce masa durom ukuna ko a-kori-kura ba sa cikawa a sati biyu. Ya yi murmushin nan nasa ya ce in bar masa wannan, bayan aure za mu faɗaɗa, yanzu dai in ba shi buhunan da ba komai a ciki ya kai wa manya su ga tsarin. Na ba shi. Har lambar mai buga min buhun na ba shi. Ku rubuta wannan ku ajiye, duk ranar da na zo ina yi muku wa'azin wayo ku tuna min.

Aka sa Asabar ɗin da ta wuce danginsa za su zo neman aure. Tun Litinin gidanmu ya koma gidan biki. An sauke labulaye an sa sababbi ruwan zuma, an wanke kafet, cincin bokiti biyu, dubulan, alkaki, Dada ta ɗinka min leshi ruwan ƙwai wai ya fi haska ni, ta kuma kafa min doka: kada in kusanci durom har Asabar, kullum in jiƙa hannuna a lemon tsami da dilka.

Ranar Laraba da hantsi ina zaune da hannu cikin kwano kamar mai jinya, sai ga kiran Lawali. Lawali mai tsire ne a Iware, Bazamfare, tsohon mai sayen kayana, mutum ne da ba ya sakaya magana. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, “Hajiya, gawayin ga naki ya lalace. Tartsatsi ya huda min riga, nama duk ƙaurin hayaƙi. In kin fara haɗi ki gaya muna.”

Na ce masa rabon da in aika kaya Iware an yi sati uku. Ya ce ai ba wajena ya saya ba, a sabon siton da na buɗe a bayan tasha ya saya, buhu dai nawa ne, ga sunana ɓaro-ɓaro. Ni da ban san ina da sito a Iware ba, sai na yi wa kaina barka da arziki.

Na zare hannu daga lemon tsami, na ce wa Dada zan je wajen tela. Na biya ta shagon Michael na gaya masa, ya ajiye abin walda ya ɗauko tsohuwar motarsa. A hanya ya ce da Hausarsa ta 'yan gari, yana nufin Sirajuddeen, “Madam, wannan mutumi tun farko ban yarda da ita ba. Mai son gawayi ba ta sa farin kaya kullum.”

Siton ba ɓoyayye ba ne, ƙofarsa a buɗe. Mata uku suna zaune a kan tabarma suna aiki cikin natsuwa, kamar yadda na koya wa nawa matan. Sai dai su tsarinsu ya fi nawa sauri: a cika buhu da gawayin itace har wuya, a jera curina na gaske da aka sayo guda goma sha biyu a sama, a ɗinke. Buhuna ne jibge har rufi, sababbi fil, sun fi waɗanda na taɓa bugawa tun da na fara sana'ar. A gefe ga gawayin itacen nan tsibi, wani ma da sauran ɓawo a jikinsa. Ɗaya daga cikin matan ta ce daga dajin bayan Kona ake kawowa, ƙirya da kaɗanya, mota biyu duk sati. Ta tambaye ni ko saye na zo yi, ta ce kayan na wata Hajiya Ruwaida ne, mai kare muhalli, matar oga.

Na sayi buhu ɗaya. E, da hannuna na sayi sunana. Michael ya sa a but ɗin mota, na ɗauki hoto na tura wa Sirajuddeen ba tare da na rubuta komai ba.

Ya gani nan take. Na ga yana rubutu, ya goge, ya sake, ya goge. Can sai ga shi:

“Sarauniya, kada ki ɗaga hankalinki. Na wucin gadi ne, kafin mu faɗaɗa.”

Na rubuta: “A jikin buhun an ce ba a sare itace ba.”

“Ruwaida, ki fahimci kasuwa. Mutanen nan ba gawayi suke saye ba, labari suke saye. Ke kina da labarin, mu muna da kayan. In muka haɗu waye ya yi asara?”

Na ce dajin Kona, da Lawali, da ni.

Ya turo hoton dariya, sannan ya ce daga Asabar ai komai namu ne, ba nawa ba naki, in huta in yi kwalliya. A ƙarshe, don kada in manta da wa nake magana, ya liƙa koren ganyensa guda uku.

Zan gaya muku gaskiya tunda na saba: na yi kuka a motar Michael, tun daga Iware har muka shigo gari. Ba don buhun kaɗai ba. Ina son mutumin nan. Na riga na zaɓi kalar kicin ɗina a zuciya. Abin da ya fi ci min rai shi ne tuna ranar da ya tambaye ni awa nawa ɓuntu yake yi a durom, ashe ba soyayya ba ce, bincike yake yi.

Da na gaya wa Dada, tana tsaka da jera dubulan a roba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta rufe robar, ta ce to shi ne me? Ai ba mace ya ajiye a Iware ba, gawayi ne. Ta ce an riga an gaya wa dangi na Yola da na Zariya, an toya abin toyawa, in na shiga gidansa na gyara shi a hankali, haka kowace mace take yi. Ta kuma ja min kunne kada in kai wa Baba wannan shirme hawan jininsa ya tashi. Na ce to. Dada ta san ni, ta san “to” ɗina bai cika zama lafiya ba, amma aiki ya yi mata yawa ba ta bi ta kai ba.

Ranar Asabar bayan la'asar aka ce baƙi sun taso. Dada ta ce in sa turare a falon Baba kafin su shigo, na icce mai tsada wanda take ɓoyo a ƙasan akwati. Na ɗauki kasko na zagaya baya. Kwalin gawayina na turare yana nan a kan taga, amma na ga bai dace a tarbi dangin ango da kayan amarya ba. Na farke buhun Iware, na kawar da curina goma sha biyu, na zaɓo manya daga ƙasa, na hura sama-sama, na zuba turare, na ajiye a tsakiyar falo kusa da kujerar manyan baƙi. Na koma bayan labulen ƙofar ciki na tsaya da leshina ruwan ƙwai.

Su huɗu suka zo, jagoransu baffan Sirajuddeen, Alhaji Maiturare, dattijo mai ƙiba da babbar riga ruwan sararin samaniya wadda aikinta kaɗai ya isa kallo. An yi gaisuwa, an yi addu'a, ya gyara murya ya fara bayanin abin da ya kawo su. Yana cikin cewa ɗansu ya ga 'yar mutunci, kaskon ya ce ɗas. Ya ci gaba. Ya sake cewa ɗas, ɗas, hayaƙi ya turnuƙe, wani daga cikinsu ya fara tari, sai ga tartsatsi ya sauka a kan aikin babbar riga. Alhaji ya kakkaɓe da sauri, ya leƙa kaskon, kuma da yake shekararsa talatin a sana'ar gawayi, bakinsa ya riga tunaninsa.

“Wannan ai ƙirya ce, kuma ba ta gama ƙonuwa ba. Wa ya sayar muku da wannan?”

Baba ya ce ba zai yiwu ba, shi gidansa rabon da a shigo da gawayin itace shekara biyu ke nan, 'yarsa ba ta taɓa itace. Yadda ya faɗi maganar, da alfahari, ban taɓa jin ya yabe ni haka a gaban mutane ba, sai da idona ya kawo ruwa. Ya ƙwala min kira. Na shigo da sallama, ina jan buhun a ƙasa, na durƙusa na gaida su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya min. Na juya buhun yadda kowa zai karanta rubutun, na buɗe bakinsa.

“Baba, a Iware na saya, a siton bayan tasha. An ce nawa ne.”

Ba wanda ya tambayi siton waye. Fuskar Alhaji Maiturare ta riga ta ba da amsa, don daga baya na ji ashe ginin ma nasa ne. Ya kalli hudar rigarsa, ya kalli buhun, ya ce lallai yaran zamani sai addu'a, wataƙila akwai rashin fahimta. Baba ya ce wataƙila, amma a ba shi lokaci ya yi shawara. Suka tashi ko lemo ba su buɗe ba. Dada tana ɗaki tana jin komai. Har yau da nake rubuta muku ba ta yi min magana ba, sai dai ta aiko min da bokitin cincin guda, wai in cinye tunda ni na jawo.

Na ɗauka na yi nasara. Har na fara tsara yadda zan ba ku labarin ina jarumar fim. Kafin magariba Baba ya kira ni falo, hayaƙin bai gama fita ba. Bai yi faɗa ba, ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce akwai abin da ya kamata in sani. Wata guda da ya wuce Sirajuddeen ya zo masa da takarda, ya ce kamfanin Abuja suna son shaidar cewa ɓuntu ba zai yanke ba, don haka Baba ya sa hannu cewa duk ɓuntun injinsa na shekara biyar na kamfanin Sirajuddeen ne. Ya ce kuma ba shi kaɗai ba, shi da kansa ya raka shi wajen abokansa masu injin a cikin gari, su ma suka sa hannu saboda girmansa.

“Na ɗauka gida ɗaya za ku zama, Ruwaida. Na ɗauka ke nake ba wa.”

Ban taɓa ganin Baba ya kasa kallon idona ba sai ranar. Abin da shekara uku da suka wuce ake roƙon wuta ta cinye, yau shi ake sa wa hannu a takarda, kuma ni da na koya wa garin darajarsa ni ce ba ni da ko kwano ɗaya. Mata shida suna jiran Litinin su zo aiki.

Litinin ɗin da sassafe ƙarar mota ta tashe mu. Tifa ce ta ja baya har gindin tsibin, ma'aikata huɗu da shebur suna jiran umarni. Matana suna tsaye a gefe da rariya a hannu. Direban ya nuna min takarda, ya ce oga ya ce a kwashe duka a kai Iware kafin azahar, akwai baƙi daga Abuja da za su zo ganin masana'anta, ana so su tarar da ɓuntu a wajen.

Ban yi musu da shi ba. Na cire takalmi, na ɗaure zani, na hau tsibin nan ina nutsewa har gwiwa, na kai can ƙoli na zauna. Na ce duk mai son ɗiba ya fara da ni. Matan suka kalli juna, suka ajiye rariya, suka hawo ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga. Direban ya koma gefe yana waya.

Ba a yi rabin awa ba motar Sirajuddeen ta shigo layin a guje. Ya fito yana murmushin dole, ya tsaya a ƙasa yana kare rana da hannu, ya ce cikin muryar da ba ya so kowa ya ji, in sauko mu yi magana kamar masu hankali, kada in tona mana asiri. Kafin in ba shi amsa ƙofar bayan motar ta buɗe. Wata mata ta fito, babba, da tabarau da jakar kwamfuta, ashe daga masaukinta ya ɗauko ta zai wuce da ita Iware kiran direba ya same shi. Ta kalli tifar, ta kalli mata bakwai a kan tsibin ɓuntu, ta kalli Baba da ya fito ya tsaya a ƙofar injin.

“Ke ce Ruwaida? Maigidanki ya ba ni labarinki sosai. Ni ce zan sa hannu a kan kwangilar, amma sai na ga inda ake yin tirela guda a sati biyu da idona.”

Sirajuddeen ya ɗago ya kalle ni. Tun da na san shi ban taɓa ganin ya rasa Turanci ba sai a lokacin. Daga inda nake zaune ina hango durom ukuna a jere, da ɗan injin Michael, da buhun Iware a jingine da katanga bakinsa a buɗe.

Na matsa gefe na share mata wuri kusa da ni.

“Sannu da zuwa, Hajiya. Ba ni da miji tukuna. Ki cire takalmi ki hawo, daga nan sama komai ya fi fitowa.”